Hannun Hagun Dioni

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo, don ta riga ta tsaya a ƙofar gida.

Eufemia tana cikin zuba wa 'yan zaman makoki kofi sai ta ji lungu ya kaure da ihun yara. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta san ƙaninta Dioni ne ya iso, don a duk unguwar masu saran rake da ke bayan San Pedro shi kaɗai ake yi wa irin wannan ihun, ko da kuwa gawar ubansa na kwance a falo.

Motoci uku suka tsaya. Ta ƙarshen motar gawa ce, fara sol, doguwa, har ta kasa shan kwanar lungun.

Dioni shi ne autansu, mai jifa da hannun hagu a wata ƙungiyar besbol ta Amurka, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Bara suka ɗauke shi na shekara biyar a kan dala miliyan tamanin, kuma tun ranar mutanen unguwa ba su da wata hira. Ko yau, tsofaffin da ke buga domino a gindin mangwaro, kamar yadda ake yi a kowane makoki, ita suke yi.

"Miliyan tamanin don jifa!" in ji Chepe makanike. "Ni ma kullum sai na jefi karnuka, ko sannu ba a taɓa ce mini ba."

"Kai ka taɓa samun karen?" wani ya ce. "Turawan nan ba wawaye ba ne. In sun ba shi tamanin, sun ci ɗari takwas a kansa."

"Rana ɗaya fa cikin biyar yake aiki," Chepe ya ce, ya buga domino da ƙarfi. "Sauran yana zaune a inuwa yana taunar cingam."

Eufemia kuwa abin da ke gabanta ya ishe ta. Ubansu, Don Evaristo, ya yi fiye da shekara arba'in yana saran rake. Da ciwo ya yi tsanani ya riƙe hannunta ya ce kada a kuskura a sa gawarsa a mota. 'Ya'yansa maza biyu, Nicanor da Dioni, su ne za su riƙe gaban akwatin a kafaɗa har maƙabarta, kamar yadda shi ya ɗauki nasa uban. Ta yi masa alkawari, ta sumbaci gicciyen wuyanta a kai.

Dioni ya shigo da baƙin tabarau, a bayansa wani mai kwat da ake kira Fausto, wakilinsa. Ya rungumi yayarsa da hannun dama kawai, na hagun yana cikin aljihu kamar wanda ya ɓoye ƙwai. Amma da ya ga fuskar uban, kuka ya yi na gaskiya, wannan kam ba za a hana shi ba.

Ta bari ya share hawaye, sannan ta ce, "Auta, ka kori motar nan. Baba ya ce a kafaɗa. Kai da Nicanor ne a gaba."

Dioni ya waiwayi Fausto. Fausto ya gyara wuyan riga, ya yi murmushi.

"Doña Eufemia, Allah ya ji ƙan tsoho. Sai dai yarjejeniyar da Dioni ya sa wa hannu ta hana shi duk abin da zai taɓa lafiyar jikinsa. Ba hawan babur, ba hawan doki, ba ɗaukar kaya mai nauyi."

"Kaya?" Nicanor ya miƙe daga kujera. Shi ne babba, shi ya gaji addar uban, yatsu biyu na hannunsa sun daɗe da zama a gonar rake, inda adda ta sare su. "Uban namu ne kaya? To ya ɗauka a kafaɗar dama. Ko ita ma sun saye?"

"Duka jikin ne, maigida. Baya, ƙugu, idon sawu. Ka kuma dubi waje."

A taga kuwa wayoyi ne birjik, kowa na ɗaukar hoto.

"Kafin ku kai maƙabarta sun gani a Amurka," in ji Fausto.

Eufemia ta ja ƙaninta zuwa kicin, ta turo ƙofa.

"Tsohon nan ciwo ya cinye shi, bai kai nauyin buhun shinkafa ba. Mutum shida ne za su ɗauka. Kai da nake gani a talabijin kana ɗaga ƙarafa?"

"Wannan da likita a tsaye ne, Yaya."

"To a kira likitan ya tsaya."

"Ki daina mini haka!" Ya cire tabarau, idanunsa jajur. "Wa ya gina gidan nan? Wa ya kai Baba asibiti a babban birni? 'Ya'yan Nicanor da ke makaranta fa? Hannun nan ne ke ciyar da ku duka. In na zame a taɓo ya goce, ke za ki riƙe su da soyayyiyar ayabar da kike sayarwa?"

Bai yi ƙarya ba. Ko tukunyar kofin da ke kan wuta shi ya aiko da ita. Sai can ta ce, a hankali, "Wa ya koya wa hannun jifa? Ba Baba ba ne yake dawowa daga gona a gajiye, ya tsuguna a tsakar gida yana cafe maka lemun tsami har duhu? Nasa hannun babu wanda ya taɓa yi wa kuɗi, amma bai taɓa hana ka shi ba."

Da Fada, limamin coci, ya gama addu'a a falo, maza suka matso. Nicanor ya kama gefensa, 'yan'uwa huɗu suka kama baya. Kusurwar gaba ɗaya ta rage. Dioni ya tako, ya ɗora hannun dama a kan katakon. Falo ya yi tsit. Fausto ya yi tari, ɗan ƙarami.

Dioni ya janye hannunsa.

Eufemia ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe shi gammo, ta ɗora a kafaɗa. Mata suka fara ƙus-ƙus, don a unguwar ba a taɓa ganin mace a ƙarƙashin akwati ba.

"Alkawarin nawa ne," ta ce. "Ku ɗaga."

Gajera ce, saboda haka akwatin ya karkata ta wajenta, nauyin duk ya sauko mata. Haka suka fita, masu ganga a gaba, ana tsayawa ana zuba wa akwatin giyar rake a duk kwanar da tsohon ya saba zama. An yi ruwa da safe, hanya duk caɓi. Dioni ya bi su da ƙafa har bakin gada, inda Fausto ya dubi taɓon, ya dubi takalmin Dioni, ya raɗa masa wata magana. Sauran motocin biyu sun maƙale a lungu cikin jama'a. Motar gawa ce kaɗai ta biyo baya da furanni, sai Dioni ya shiga gabanta, aka ɗaga gilas.

Chepe makanike ya cire hula, ya yi wa motar gaisuwa.

"Ku ba da hanya," ya ce. "Ga gawa mai tsadar nan tafe."

Dariya ta ɓarke a tsakiyar jana'iza, har Nicanor sai da kafaɗarsa ta girgiza. Eufemia ba ta yi ba, ba ta kuma waiwaya ba. Sau biyu wani ya zo zai karɓe ta, ta ce ya matsa.

A maƙabarta, ana cikin rufe kabari, matasa suka kewaye motar da ƙwallaye da huluna. Dioni ya sauke gilas, ya fiddo hannun hagun daga aljihu, ya yi ta sa musu hannu har biro ya ƙare. Da aka watse ya zo gun yayarsa ya ce ta shiga motar gawar a kai ta gida. Ta warware ɗankwalinta, ta kaɗe shi, ta ɗaura.

"Ba lokacina ba tukuna," ta ce, ta kama hanya da ƙafa.

Dioni ya koma Amurka washegari. A wasansa na biyu na sabuwar kakar wasa jijiyar gwiwar hannun hagun ta tsinke yana tsakiyar jifa, da likita a tsaye. Shekara biyu bai jefa komai ba, kuma ba a rage masa ko dala ɗaya ba. Fausto ya sayi gida a bakin teku. Nicanor yana saran rake. Chepe yana nan yana jifan karnuka, har yau bai samu ko ɗaya ba. Eufemia kuwa tana soya ayabarta a bakin titi, kuma duk wata in saƙon auta ya iso takan karɓa ta raba wa 'ya'yan Nicanor. In hadari ya haɗo kafaɗarta ta dama takan yi mata ciwo, sai ta juya ayabar da hannun hagu.