Farfelar Malam Waliyullahi

Ranar da dattawan Zango suka ɗauki hayar jirgin sama, ranar ce Usmanu ya rasa matarsa, ko da yake ba a binne ta ba sai bayan watanni.

A shekarar ne gwamnati ta ce za ta rushe tsakiyar Wagadugu, Zango da Kuluba da maƙwabtansu, ta dasa benaye. Kwamitin unguwa ya yi taro, ya sake yin taro, raguna suka ƙare. Daga ƙarshe Malam Waliyullahi, wanda ya fi kowa girman rawani, ya ce a kewaye unguwar da rubutu kamar yadda ake kewaye sabon gida. Da ƙafa ba zai yiwu ba: jandarmomi sun hana gangami, gwiwoyin Malam kuma sun daɗe da ajiye aiki. Sai Alhaji Abdulganiyu, Bakano mai sayar da atamfa, ya ce a yi ta sama, ai ma ya fi kusa da inda ake amsawa.

Aka ɗauki Usmanu tafinta, don shi ne ya yi lakwal, wato boko, yana jin Faransanci. Da zai fita, matarsa Ramatu ta tsayar da shi. Ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji. Ƙanwarta Adawiyya ta ajiye musu ɗaki a Dapoya, kusa da asibiti, amma ba za ta riƙe shi har abada ba. Ramatu kuwa ba ta son barin gidan ubanta.

"Baban Shifa, kai ne idona," in ji ta. "In ka ga alamar Zango zai tsaya, mu zauna. In ba ka gani ba, ka faɗa mini, in ɗaure kayana."

Jirgin ƙarami ne, kujera huɗu, farfela ɗaya a goshi. Matuƙin wani ɗan ƙabilar Moshi ne, tsohon soja, mai ƙarancin magana. Ya duba mai, ya zagaya jirgin, ya shiga ofis. Yana juya baya Alhaji ya buɗe murfin tankin da ke kan fiffike, ya tsiyaya rubutu kofi guda a ciki, domin jirgin ma ya samu rabonsa. Usmanu ya gani. Ya buɗe baki, ya tuna a rumfar wa yake aiki, ya rufe.

Suka tashi, suka yi sama sosai. Malam na tofi, Alhaji na zuba jarkar rubutu ta 'yar taga, iska na mayar musu da rabi a fuska. Wataƙila abin da ya ragu a unguwar Larle ya sauka. Ana cikin haka injin ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru.

Amma farfela ba ta tsaya ba.

Matuƙin ya gaya wa Usmanu da Faransanci, ba tare da ya waiwayo ba, cewa injin ya mutu, iskar tafiya ce kawai ke juya farfelar, kuma juyawar nan birki ce: tana cin iskar da za ta kai su fili. Ya sunkuyar da goshin jirgin, gudu ya ƙaru, farfela ta ƙara sauri. Daidai lokacin Malam ya ɗaga murya. Matuƙin ya ɗan ɗago goshin, ta lafa. Daidai lokacin Malam ya tsaya jan numfashi. Alhaji ya lura da wannan, ya fara kuka.

Malam ya tambayi abin da direban ke cewa. Usmanu ya dubi rawanin, ya dubi Alhaji.

"Allah gafarta Malam, ya ce a ci gaba da addu'a."

Matuƙin ya hango filin, ya ga da wannan birki ba za su kai ba. Ya ɗaga goshin jirgin a hankali, gudu ya yi ta raguwa har wani abu ya fara ƙara a cikin jirgin kamar ɗan tsako. Farfela ta yi jinkiri, ta yi rawa, ta tsaya cak, katako ɗaya a tsaye gaban idonsu. Malam ya daki kafaɗar matuƙin da carbi. Shi kuwa ya sake sunkuyar da goshi, jirgin ya zame a iska shiru, ya fi ɗazu sauƙi. Suka wuce saman rufin kwanon Zango, suka dira a ciyawar bakin fili, taya ɗaya ta lanƙwashe.

Kafin azahar labari ya riga su gida. Injin ya mutu, Malam ya juya farfela da baki, har sai da direban, saboda hassada, ya tsayar da ita. Wanda ya tuƙa jirgi babu inji, katafila ce za ta gagare shi? Waɗanda suka fara cire ƙofofinsu suka mayar. Kwamiti ya yanka wani ragon.

Ramatu na kan tabarma da Usmanu ya shigo. Ba ta tambayi abin da gari ke cewa ba, ta riga ta ji. Ta tambaye shi ko da gaske farfelar ta ci gaba da juyawa bayan injin ya mutu.

"Ta juya," in ji Usmanu.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ya daɗe yana jin daɗin wannan. Fuskarta ta yi haske irin wanda ya kwana biyu bai gani ba. Ta aika wa Adawiyya cewa ta ba wani ɗakin. Ya ce a ransa gobe zai ƙarasa mata sauran zancen. Gobe ta zo da 'yan barka. Jibi aka naɗa shi mataimakin kwamiti, a matsayin wanda ya gani da ido, aka ba shi kujera kusa da Malam da cinyar rago.

Wata rana katafila ta zo da hantsi, ba ta tambayi kowa ba. Malam ya riga ya koma gidan bene a Larle, wanda ashe tun kafin hawan jirgi aka gama masa fenti. Alhaji yana Kano sarin kaya. An kwashe Ramatu a amalanken jaki zuwa filin da aka ba su a bayan gari, inda babu bango, babu famfo, asibiti kuma sai an yi tafiyar da ƙirjinta ba zai ɗauka ba. A ƙarƙashin tamfol ta cika. Har ƙarshe tana cewa da direban nan bai tsayar da farfela ba, da suna gida.

Kwamitin Zango yana nan, yana taro duk Juma'a a kan unguwar da babu ita. Usmanu ba ya zuwa. In ƙaramin jirgi ya wuce, yakan ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace, leɓensa na motsi. Maƙwabta na ɗauka salati yake.

"Uwar Shifa, iska ce ke juya ta. Ɗaure kayanki."