Ruwan Shuka a Barmu

Lokacin da Bature yake riƙe da gidan abincin nan na bakin tashar Tawa, rana na take tsaka ake rufe ƙofa, ba a buɗewa sai la'asar, Lahadi kuwa ko wuta ba a hurawa. Da aka samu mulkin kai Baturen ya tattara ya tafi, Alhaji Attahir ya saye wurin har da kukun da ke ciki, Ma'azu, mutumin Barmu.

Alhaji mutum ne mai ra'ayi. Kullum yana faɗa wa masu cin abinci cewa arzikin gari a ƙofofinsa ake ganewa: garin da ake rufe kanti da rana tsaka matacce ne, wanda ƙofa take buɗe daga asuba har isha shi ne ya ci gaba. Ga malaman lakkwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan biro, wato ofis, da na asibiti ana ta turowa daga ko'ina, duk gwagware, kowa da yunwarsa. Sai ya soke hutun rana, ya soke Lahadi. Ma'azu ya bi sabon tsarin. Ya iya tsayuwa gaban murhu, kuma 'ya'ya huɗu ba wasa ba ne.

Abin da ke hana shi sukuni gonarsa ce. Matarsa Kaltumi tana Barmu da yaran, babban kuma an kai shi lakkwal, ba mai riƙe sungumi. Bara ruwan fari ya sauka Alhaji ya ce a dakata baƙi su ragu, ya dakata, ya yi shuka a makare, hatsin bai kai su ko bazara ba. Ya ga yadda wuyan autarsa Safi ya zama kamar kara.

Ran nan da hantsi wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya shigo neman shinkafa, yana kakkaɓe laka daga takalmi. Ya ce an kwana ana ruwa daga Barmu har Takanamat, duk wanda ya gani a hanya da iri a ƙwarya. Ma'azu ya ci gaba da juya miya. Ƙasar tudu ba ta riƙe laima. In rana ta buge ta yau da gobe, shi ke nan sai wani ruwan, in ya zo.

Ya sami Alhaji a zaure, ya rusuna, ya nemi a sake shi ya je ya yi shuka ya dawo. Alhaji ya yi dariya, ya ce wannan ai halin ƙauye ne, shi ya sa ƙasarsu ta Adar ba ta gaba, gajimare ya taso kowa ya watsar da aiki. Ya ce ya bari sai Juma'a.

"Ranka shi daɗe, Juma'a ƙasa ta bushe."

"To ta bushe. Ni ke biyanka ko gona?"

"Kai ka biyana, Alhaji. Amma ɗiyana ba shinkafarka suka ci ba."

Ya koma madafa. Bai gudu ba. Ya ƙarasa tukunyar, ya zuba wa kowane mai jira, har wani malami mai son ƙarin yaji. Sannan ya janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ya yayyafa musu ruwa. Hayaƙi ya cika zauren, masu ci suka ɗaga kai. Rabon da a ga murhun nan a mace da rana tun zamanin Bature.

Alhaji ya tare ƙofa, ya ce wanda ya fita yanzu ya fita ke nan, akwai kuku goma a Tawa masu neman wurin.

"Ka kira su," in ji Ma'azu. Ya kwance ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ninke, ya ajiye a kan benci, ya raɓa ta gefensa.

Kamyon, da zai koma ta Barmu, bai riga ya tashi ba. Ya hau baya tsakanin buhunan gishiri, bai san abin da zai faɗa wa Kaltumi game da aikin ba.

Bai sami damar faɗa ba ma. Da la'asar ya same ta a gona, ta sa Safi a inuwa, tana ta fama da sungumin da ya fi ƙarfinta. Ta miƙa masa. Saman ƙasar ya fara yin fari. Ya sara, ya duba ramin: ciki baƙi ne, da sauran laima. Ya ce ta biyo shi da iri, su fara daga tudu kafin ya bushe.