Hazel Ta Tsaya Gefen Taga

Yaushe mace take daina amsa tambayar da aka yi mata, ta bar wa mijinta? Ko Hazel Thwaite ba za ta iya nuna ranar ba. Ta dai wayi gari ta ga in an ce mata "shayi ko kofi?" sai idonta ya tafi kan mijinta Roy.

Ita ta fara shiga ajin manya na ɗakin karatun garin, inda ake nazarin tsofaffin labaran Ingila. Mako na biyu sai ga Roy ya ja kujera kusa da ita.

"Na zo in ga abin da ake cusa wa uwargida a kai," ya ce. Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

Labarin da suke karantawa na wani mai filaye ne, can zamanin dawaki da sulke, wanda ya hana matarsa magana da kowa sai da izininsa, wai yana gwada haƙurinta. A ƙarshe ta durƙusa ta gode masa. Hazel ta karanta shi a kicin sau da yawa. Ba muguntar mijin ce ta tsaya mata a rai ba. Godiyar ce.

* * *

Al'adar Malama Imogen ce, in an gama labari, ajin ya zama kotu. Wanda ya ga mijin da laifi ya tsaya gefen taga, wanda ya wanke shi ya tsaya gefen ƙofa.

"Hazel, ina kika nufa?"

"Ni ku bar ni a zaune, Malama. Gwiwa ke damuna."

"Tana gefena," in ji Roy, ya taka zuwa ƙofa. "Mutumin nan ya ciyar da ita, ya tufatar da ita. Ya taɓa ɗaga mata hannu? Ku nuna mini a shafin."

Bev, wadda ta tsufa tana soya kifi da dankali a bakin kasuwa, ta kwashe da dariya daga gefen taga. "Kai Roy, ai ko akuna ina ciyar da shi, kuma shi ina barinsa ya yi surutu."

"Shi ya sa mijinki ya gudu."

"Da ƙafata na raka shi tasha, ɗan'uwa!"

Malama ta ɗaga hannu. "Matar fa? Me ya sa ta gode?"

"Saboda ta gane gata aka yi mata," Roy ya ce. "Ko ba haka ba, uwargida?"

Hazel ta dubi hannuwanta. Ta tuna ƙanwarta da ta gaji da bugo waya, don kullum Roy ne ke ɗauka ya ce tana hutawa.

"Ta gode ne don ba ta da wurin kwana in ba gidansa ba," ta ce.

Muryar ta fito a dishe.

Roy ya zaro makullin mota ya kaɗa shi. "Ɗauko rigar ruwanki. In na fita ba zan jira ba, kuma kin san motar haya ba ta zuwa ƙauyenmu da yamma."

Ta sani sarai. Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwar tana ciwo da gaske. Ta bi bayan kujeru a hankali, ta wuce rigar a rataye, ta je ta tsaya kusa da Bev.

Ta cikin gilashin tana hango motarsu a ƙasa, ruwa na dukan rufinta.