Laka Mai Rai a Cikin Jarka

Mai fenti ya riga ya zare wayar injin daga bango kafin Auta ta ƙaraso ƙofar ɗakin gwajin. Tun daga baranda ta ji shirun. Injin hura iskar da ya shafe watanni yana gurnani ya yi tsit, kumfar da ke tasowa daga gindin tankin gilashin ta ɗauke, lakar da ke ciki ta fara kwantawa.

"Wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Shugaban sashe ne ya ce a fitar da komai," in ji mai fentin daga kan tsani, hancinsa ɗaure da tsumma. "Ke ce mai shi? Wallahi kina da zuciya."

Ta mayar da wayar, ta tsaya har kumfa ta dawo, sannan ta sauke numfashi.

A gida Auta ake ce mata, a nan kuwa Malama, saboda tana koyar da 'yan ajin farko tana kuma karatun digirinta na uku. Abin da ke cikin tankin, ga mai kallo, laka ce da ruwan datti. A wurinta taro ne na ƙananan halittu iri-iri waɗanda ido ba ya gani. Daga kwatar bayan wata masana'antar rini ta ɗebo su, ta yi ta rainonsu tana ƙara musu ruwan rini kaɗan-kaɗan har suka saba cinsa. Akwai masu haɗama a cikinsu, masu ci da hayayyafa da sauri. Akwai kuma masu nawa, kuma su ne kaɗai ke iya cinye launin. Aikinta shi ne ta auna saurin cin masu nawan da saurin haihuwarsu, don daga nan ne za a san girman tankin da masana'antar za ta gina. In tanki ya yi ƙarami, ruwa zai wuce ya kwashe su tun ba su haihu ba, rini ya koma rafi yadda ya fito. Awon ƙarshe ne ya rage mata.

Shugaban sashe ya shigo yana tsallake gwangwanayen fenti. Idanunsa sun yi ja, da ganinsa an san ya kwana biyu bai huta ba.

"Malama, gobe masu tantance sassa za su zo daga ma'aikatar ilimi. Ba zan shigo da baƙi ɗakin da ke warin masai ba. Ki zubar da shi. In sun tafi ki haɗa wani."

"Yallaɓai, ba miya ba ce da za a sake ɗorawa. Tun bara nake rainonsu. Wa'adin karatuna ya kusa cika, in na zubar ba ni da lokacin farawa daga tushe."

"Ni kuma in aka soke wa sashen nan lasisi, ɗalibai nawa ne za su koma gida? Kin lissafa su?"

"To a ba ni sito. Ko lungun ƙarƙashin bene."

"Ko'ina fenti ake yi. Kuma nan da azahar za a yanke wutar ginin gaba ɗaya, za a canza wayoyi." Ya leƙa tankin ya ja baya. "Ni fannin kankare na karanta, Malama, kuma kankare bai taɓa yi min wari ba. Shara ce wannan. A fitar da ita."

"Shara ka ce, Yallaɓai?"

"Shara na ce."

Yana fita ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu. Tankin a ɗaure yake da tebur da kusoshi, ba ya ɗaukuwa. Ta jawo jarkoki biyu daga ƙarƙashin wurin wanke kwalabe, ta ɗauraye su, ta sa tiyo ta zuƙe lakar a ciki. Rabi-rabi ta zuba, don iska ta samu wurin zama a sama. Injin hura iskar nata ne, ta naɗe wayarsa ta jefa a jaka tare da kwalaben awo. Daga lokacin da ta kashe shi ta san lokaci ya fara ƙure mata. Masu haɗamar za su jure. Masu nawan ne ba sa daɗewa babu iska.

A ƙofar jami'a mai gadi ya tare ta da sanda.

"Malama, ina takardar fita da kaya?"

"Baba, shara ma sai da takarda?"

"Wace irin shara ce a jarka?"

Ta kwance murfin guda ta tura masa. Ya sunkuya, ya ɗago da sauri yana tari, ya buɗe mata ƙofar da kansa.

"Allah ya raka taki gona," ya fara, sai kuma ya haɗiye sauran, ya ce, "Wuce, 'yata, wuce. Allah ya ba da sa'a."

Masu tasi biyu suka tsaya, suka shaƙa, suka ja motarsu. Bas ta samu. Kwandasta ya so ya ɗora jarkokin a kan rufi, ta ƙi, ta ce rana za ta dafa su. Ta zauna a kujerar baya ta matse su tsakanin ƙafafunta. Da farko lafiya lau. Sai da suka shiga cunkoson hanyar kasuwa motar ta tsaya cak, direba ya kashe inji. Auta ta duba agogo, ta taɓa jikin jarka ta ji ya yi ɗumi. Ta kwance murafen duka biyu, ta kama ɗaya ta shiga girgizawa.

Motar ta kaure da hayaniya.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Direba, buɗe ƙofa!"

Wani mai kwat da jakar ofis ya juyo yana toshe hanci. "Baiwar Allah, ke ba ki da tausayi? Mene ne wannan?"

"Numfashi suke yi," in ji Auta, ba ta daina girgizawa ba.

"Mu fa? Mu ba ma numfashi?"

Wata 'yar kasuwa da ke gefenta, mai buhun albasa a cinya, ta leƙa bakin jarkar. "Wannan ai kalar kwatar unguwarmu ce. Ranar da masu rini suka yi shuɗi, shuɗi ce, ranar da suka yi ja, ja ce. Kajina duk ta kashe."

"Halittun da ke ciki nake koya wa cinye rinin, Iya. In sun rayu, kwatar za ta dawo ruwa."

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta gyara zaman buhunta, ta miƙo hannu. "Kawo ɗayar." Ta kama girgizawa ita ma, ta dubi mai kwat ɗin. "Kai kuma in ba za ka iya ba, ga taga nan."

Duk da haka kwandasta bai bar su ba. Fasinjoji suna ta sauka, ya zo ya tsaya a kan Auta yana roƙo, daga baya ya koma faɗa. A bakin kasuwa ya sauke mata jarkokin. 'Yar kasuwar ta leƙo ta taga ta ce mata kada ta kuskura ta bar su su mutu, ko don kajinta.

Sauran tafiyar da ƙafa ta yi ta, jarka a kowane hannu. Ta ratsa layin masu kayan gyaran mota, ta wuce bayan asibiti, tana ajiyewa tana girgizawa tana ɗauka. Hannun jarkar ya yanke mata yatsu, lakar ta ɓata mata zane har gwiwa. Da ta shawo kwanar layinsu, yayanta na ƙarƙashin wata mota a shagonsa na gyaran wayar mota da ke jikin gidan. Ƙafafunta ya fara gani, ya turo kansa waje.

"Auta? Korar ki aka yi?"

"Tukuna. Yaya, akwai wuta?"

"Tun safe suka ɗauke." Ya miƙe yana goge hannu, warin ya iske shi. "Shekara da shekaru muna cewa muna da injiniya a gida, ashe mai kwasar kwata muke da ita."

"Ka yi tsiyarka daga baya. Batir nake so, da abin nan da ke juya wutarsa ta zama ta gida."

"Yana wurin wani, sai na je na karɓo."

"To je ka. Ka bar min famfon taya."

Ya dubi fuskarta, ya ga ba wasa a ciki, ya hau babur.

Inna na tsakar gida tana shanya. Ta ga 'yarta ta shigo jiƙe da gumi, ta ga ta nufi bayan kicin ta kifar da ruwan da ke cikin babbar robar wanki.

"Ke! Robata ce fa. Me za ki zuba min?"

"Ƙwayoyina ne, Inna. An kore su daga makaranta."

"Ƙwayoyin cuta za ki kawo min gida? Ga jikoki suna yawo?"

"Ba na cuta ba ne, na aiki ne. Ba wanda zai taɓa, zan rufe da raga."

"Makaranta guda, da farfesoshinta, ta ce ba ta so, sai ni ce mara hanci?"

Auta ta tuttule jarkokin a robar. Lakar ta yi duhu fiye da yadda ta san ta, warinta ma ya sauya, ya koma na ruɓaɓɓen ƙwai. Ta cusa tiyon famfon tayar har ƙasa, ta ɗaure shi da dutse, ta hau takawa. Kumfa ta fara ɓullowa, manya-manya, ba irin ƙananan da suka saba ba.

Inna na tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu tana ta faɗa. Ta faɗi maganar maƙwabta, ta faɗi maganar sa'o'in Auta da ke ofis mai sanyi. Auta takawa kawai take yi. Ƙafar dama ta gaji ta koma hagu. Can ƙafar ta fara rawa, ta zame daga kan famfon, ta dafe bango. Sai a lokacin Inna ta ga yatsun.

"Me ya yanke ki haka?"

"Jarka."

"Daga ina kika ɗauko su da ƙafa?"

"Daga bakin kasuwa."

Inna ta rataye rigar a igiya. "Wanda ya kore su ɗin, ya san da ƙafa za ki taho?"

"Bai tambaya ba."

"Matsa." Ta tattare zanenta ta ɗora ƙafa a kan famfon. "Haka ake yi? Je ki wanke hannun nan ki sa magani. Kuma kada ki ɗauka na yarda ne."

Bayan la'asar Yaya ya dawo da kayan. Ya haɗa wayoyi, injin ya ɗauka, ƙananan kumfa suka cika robar. Auta ta ɗebi lakar a kwalbar awo ta ɗaga ta a hasken rana. Lakar ta kwanta, amma ruwan saman bai washe sosai ba.

"Sun rayu?" in ji Yaya.

"Masu haɗamar sun rayu. Sauran sai na ba su rini na ga ko launin zai ragu. Ba yau za a sani ba."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Shugaban sashe ne. Muryarsa ta yi laushi.

"Malama, ina fata ba ki riga kin zubar da abin nan ba. Yanzu aka aiko min da tsarin ziyarar. Shugabar tawagar injiniyar ruwa ce, ta karanta rahoton sashe, ta ce tankinki take so ta fara gani. Ki dawo da shi da sassafe, zan aiko mota."

"Ba za su dawo gobe ba, Yallaɓai."

"Ban gane ba."

"Yau sun sha wuyar da ban san ko sun tsira ba. In na sake jijjiga su a hanya, na kai su ɗakin da ke tururin fenti, na kashe su da hannuna. Ba zan yi ba."

"Malama, kin san kayan jami'a ne kika fitar ba izini? Takardar tuhuma zan iya ba ki a kan wannan."

"Ka rubuta, zan amsa. In baƙuwar tana son ganinsu, suna gidanmu, bayan kicin. Motar da za ka aiko ta kawo ta."

Tana jin ƙarar jan tebura a bayansa. Daga ƙarshe ya ce zai yi tunani, ya kashe.

Yaya ya yi fito. "Auta, aikin naki fa?"

"Ban sani ba, Yaya." Ta zauna a kan jarkar da babu komai a ciki.

Inna ta ji komai daga bakin kicin. Ta zo ta tsaya a kan robar tana kallon kumfar, hannu a ƙugu. Ta dubi bayan kicin ɗin, da tarin itace da tsofaffin tayoyin Yaya da ke jingine da bango.

"Kai," ta ce wa ɗanta, "kwashe tarkacen nan naka. Ko ta zo ko kada ta zo, ba za a same mu a haka ba." Ta juya ga Auta. "Ke kuma tashi ki ci abinci. Su an ba su nasu."