Tiraka a Motar Ɗan Fari

Alhaji Maiwada, dillalin albasa a Aliero, bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Haka ya tarar ana yi a gidansu. Ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a tambayar ko ya ci abinci. Da aka yaye yaron ma, ƙanin Alhajin, Malam Waliyyu mai makarantar allo, ya tafi da shi Alelu, can ya girma. Sunansa Zayyanu, amma a bakin ubansa "wancan" ne. Daga baya, da ya dawo Aliero aka damƙa masa makullin motar kaya, sai ya zama "direba". In Alhaji yana da saƙo, yakan juya fuskarsa ga bango ya ce a gaya wa direba akwai lodi a Karaye, alhali direban yana durƙushe a bakin zaure yana ji.

A shekarar da albasa ta yi kyau, motar wani maƙwabcinsu ta faɗa rami a bayan Maiyama. Tun hantsi direban yake kwance a ƙarƙashin buhuna, ba wanda ya sani sai da wasu makiyaya suka bi ta wurin bayan la'asar. Alhaji yana cikin waɗanda suka yi masa sutura. Tun daga ranar, duk lokacin da motarsa ta fita sai ya kasa zama wuri ɗaya. Yana da lambar wayar Zayyanu, amma bai taɓa danna ta ba. In ya kira, me zai ce? Ya ce ina kake, ka isa lafiya? Ko a zuci ya gwada faɗin haka sai kunya ta rufe shi.

A wajen wani ɗan kasuwa ya ji labarin tiraka, wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a cikin mota, tana magana da tauraron ɗan'adam, mai motar kuma yana kallon inda take a wayarsa. Wata Juma'a da Zayyanu ya tafi suna Alelu, Alhaji ya ɗauki makullin ajiya. Da ma ya yi tuƙi a ƙuruciyarsa. Ya ja motar a hankali har Jega, Sabon Gari, rumfar wani mai gyaran wayar mota da ake kira Sabi'u, wanda bai san shi ba. Don haka ma ya zaɓe shi.

Sabi'u mutum ne mai magana yana aiki. Ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya zura kansa ciki, yana bayani kamar mai wa'azi. Na'urar ba ta fi kwalin ashana ba. Ya sa mata layin waya, ya lalubo wayar da ke kawo wuta daga batir ko mota tana kashe, ya fere ta da reza, ya haɗa, ya naɗe da baƙin tef yadda ba za a bambanta ta da sauran ba. Ya ce ba a sa ta a ƙarƙashin ƙarfe, domin ƙarfe yana toshe mata kunne, sai a bayan roba. Ya ce kuma akwai wata waya da in ya haɗa, Alhaji zai iya kashe injin daga ɗakinsa. Alhaji ya ce kar ya kuskura ya taɓa wannan. Ya faɗa da sauri har Sabi'u ya fito da kansa ya dube shi.

"To Alhaji, don wa munka sa ta? Don ɓarayi ko don direba?"

Da ya ce don ɓarayi, da magana ta ƙare. Amma Alhaji ya ji kamar an leƙa cikinsa, kamar wannan baƙon ya gane cewa ga dattijo mai furfura ya zo yana rawar jiki a kan ɗan fari. Sai ya ɗaure fuska ya ce don direba. Da ya ga Sabi'u ya gyaɗa kai, ya ƙara da abin da ya saba ji a bakin masu motoci: direban yana ratse hanya, yana ɗaukar lodin wasu, mai ba ya kai masa inda ya kamata. Sabi'u ya yi dariya ya ce duk haka suke, Allah dai ya shirya. Ya karɓi wayar Alhaji ya nuna masa inda zai danna. Wata 'yar mota koriya ta bayyana a kan taswira, tsaye a Sabon Gari.

Alhaji ya samu sauƙin da bai yi zato ba. Yakan shiga bayan rumfar ajiyar albasa, ya fito da waya daga aljihun 'yar ciki, ya kare ta da hannun riga kamar mai kallon abin da bai dace ba. Ya san yanzu cewa Zayyanu yana tsayawa azahar a wani masallaci kafin shiga Maiyama, yana kuma rage gudu sosai a kwanar Karaye. In 'yar motar ta daɗe ba motsi, ciniki yakan tsaya masa har sai ta motsa. Wani lokaci yakan tambayi kansa ko halal ne mutum ya riƙa kallon wanda bai san ana kallonsa ba, ko da don tausayi ne. Bai kai tambayar gaban kowane malami ba.

Wata ranar kasuwa motar ta ƙi tashi a tashar Maiyama. Mai gyaran da aka kira ya buɗe ƙarƙashin sitiyari yana neman inda wuta ta yanke, sai ya zaro na'urar tana lilo a kan wayarta, da 'yar fitila tana ƙyaftawa. Direbobi suka taru. Wani ya ce an ɗaura wa Zayyanu ƙararrawa irin ta akuya mai ɓarna. Wani ya ce a duba ko akwai wata a wandonsa. Zayyanu ya yi dariya tare da su, ya ce aikin ɓarayin mota ne, amma mai gyaran ya ce wannan naɗin tef ɗin na Sabi'un Jega ne, ya san hannunsa.

Da la'asar Sabi'u ya kira Alhaji, muryarsa ba irin ta ranar nan ba. Ya ce direban ya zo, ya tambaye shi cikin ladabi, shi kuwa da yake yana ganin gara mutum ya san laifinsa ya gyara, ya maimaita masa duk abin da mai mota ya faɗa, da ratse hanya, da lodin wasu, da batun mai. Sai direban ya ce mai motar mahaifinsa ne.

"Alhaji, don Allah mi ya hana ka hwaɗa min ɗanka ne?"

Alhaji ya kashe wayar.

Kafin magariba motar tana ƙofar gida, an wanke ta, an share bayanta. Makullin da na'urar suna kan tabarmar zaure, an jera su. Zayyanu bai kwana a Aliero ba. Bayan kwana biyu labari ya iso cewa ya nemi aikin tuƙa babbar mota a wurin wani mai kai shanu Kudu, an kuma ce ya zo ranar Asabar. Hanya ce ta kwanaki, mai dazuzzuka da masu tare mota. Alhaji ya zauna ya auna abin da ya yi. Don kada ramin bayan Maiyama ya ci yaron, ga shi ya tura shi inda ko gawarsa ba lalle a kawo ba.

Ranar Alhamis, da babu karatu, ya hau babur ya tafi Alelu. Malam Waliyyu ya tarbe shi a zaure, alluna jingine da bango, ya kawo ruwa. Bayan gaisuwa ya ce yaron yana cikin gida, bai cika cin abinci ba. Ya ce shi ya raini Zayyanu, ya san ko allura ba ya ɗauka, ya kuma san yayansa ya san haka. Ya tambaya ko da gaske an taɓa ganin mai ya ragu. Alhaji ya dubi tabarma. Malam Waliyyu ya kalle shi, sai ya tambaya ko an sa na'urar ne bayan jana'izar direban maƙwabci. Alhaji bai ɗaga kai ba.

"To Yaya, ka hwaɗa mishi hakanan. Ka ce tsoro ka ji."

"Da wane baki, Malam?"

"Da wanda ka yi ma baƙo ƙarya da shi."

Malam ya aika aka kira Zayyanu. Ya shigo ya durƙusa can kusa da ƙofa, hula a hannu, ya gaishe da baffansa, ya gaishe da ubansa ba tare da ya dube shi ba. Ya rame. Alhaji ya lura da haka, ya kuma kawar da ido kamar yadda ya saba. Malam ya yi 'yar nasiha a kan haƙƙin iyaye da na 'ya'ya, sannan ya ce Alhaji yana da magana.

Maganar tana nan a shirye, gajera ce, ya yi ta maimaita ta a kan babur tun daga Aliero. Ya buɗe baki. Ya ga ƙaninsa yana jira, ya ga wuyan yaron a sunkuye, ya tuna nasa uban, wanda har ya rasu bai taɓa tambayarsa ya gajiya ba. Abin da ya fito daban ne.

"Na zarge ka," in ji shi, yana fuskantar alluna. "Na bi sawunka, ban ga komi ba sai gaskiya. Ni na yi kuskure. Ka yahe min."

Malam Waliyyu ya rufe ido. Zayyanu kuwa bai taɓa jin uba ya roƙi ɗa gafara ba, balle nasa. Ya ce subhanallahi, Baba ya daina faɗin haka, shi ba a yi masa komai ba, dukiyar Baba ce, yana da ikon ya bincika. Ya share fuska da hula. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a mayar da na'urar, domin ba zai iya shiga tashar Maiyama da ita ba. Alhaji ya ce ba za a mayar ba. Ya fito da makullin ya ajiye a gaban ƙaninsa, ƙanin ya miƙa wa yaron. Zayyanu ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai aika wa mai shanu ya nemi wani.

Malam ya raka yayansa har gindin dalbejiyar da Alhaji ya jingine babur. Alhaji ya naɗe riga ya hau.

"Ka yi ƙarya cikin zaurena, Yaya."

"Na yi. Amma ba shi zuwa Kudu."

"Ba shi zuwa. Sai dai har ya mutu zai riƙa tuna ubanai ya taɓa ɗaukar shi ɓarawo."

Alhaji ya ce ya sani. Ya taka babur ɗin, bai tashi ba, ya sake takawa. Malam ya ce in ya yarda, shi zai gaya wa yaron gaskiya wata rana, ba sai yana nan ba. Alhaji ya daɗe riƙe da kan babur ɗin yana kallon ƙasa. Bai ce a faɗa ba, bai kuma ce kar a faɗa ba. Ya ce a gaya wa direba akwai lodi a Karaye ranar Asabar, ya bi a hankali, damina ta cinye gefen kwalta.