Sunan Marka a Shafi na Arba'in

A daminar 1981 na dawo gida Talata Mafara da rikoda a jaka, da kaset ashirin, da girman kan da ya fi su nauyi. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma kundin da zan rubuta kafin a ba ni digiri ya shafi mutanen da madatsar ruwa ta Bakolori ta tasa daga gidajensu. Malamina ya ce shi hira yake so: in zauna da mutane, in yi tambaya, in bar su su faɗi abin da ke ransu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Tunda bara aka yi rikici tsakanin manoma da 'yan sanda har aka rasa rayuka, kada in kuskura in rubuta sunan kowa. Lamba zan riƙa ba su.

Na haddace wannan alkawari tsaf. Duk gidan da na shiga, a Bakura ko a ƙauyukan kewaye, da an gama doguwar gaisuwa sai in ce, "Ku kwantar da hankalinku, ba wanda zai san sunanku." Su kuwa sai su dubi rikodar, su dube ni, su ce ruwa ya zo, an tashi, Allah ya kyauta. Mutum goma sha tara na zauna da su, abin kirki da na samu bai cika shafi biyu ba. Saura kwana huɗu hutu ya ƙare. In na koma da wannan, maimaita shekara zan yi, kuma ban san da wane ido zan dubi babana ba.

Taiba, mai sayar wa mamata ƙuli-ƙuli a kasuwa, ita ta ga duk na rame ta ce, "Rifkatu, ki tai wurin gwaggona Marka, can sabon wurin da anka mai da mutanen Maradun. In ta so ki, kin gama. In ba ta so ki ba, ki sha ruwa ki komo."

Na tarar da tsohuwar a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale cikin ƙwarya. Muka gaisa har na ƙosa. Na shimfiɗa takardar tambayoyina, na danna rikoda, na karanto mata haddata, har na ƙara da cewa ita ce za ta zama lamba ashirin.

Ta ajiye ƙwaryar. "Mi kinka ce, ɗiyata?"

Na maimaita da ƙarfi, wai a zatona kunnenta ne ya yi nauyi.

"To kashe abin ga, ki tashi ki tai gida."

Na ce, "Inna, don a kare ki ne fa."

"Daga mi? Mi ya rage a ɗauka, tabarmar ga?" Ta karkaɗe hannunta. "Ji nan. Da masu awon gonaki sunka zo, sun rubuta gonar kowa. Tawa ta hwadama, wadda nig gada ga uwata, sunka sa ta cikin sunan mijina, don ba su tsaya tambayar mata ba. Shi ya rasu. Ruwa ya ci gonar, ya ci kabarin uwata. Babu takarda guda da ta san an yi wata Marka wurin can. Yanzu ke ma kin taho ki ɗauki maganata ki bar ni baya?"

Kunya ta rufe ni. Wata biyu ina yawo ina raba wa mutane kariya, ban taɓa tambayar ko mutum ɗaya abin da shi yake so ba. Na san malamina mutum ne mai magana ɗaya, yana iya watso mini kundin a fuska. Amma in na tashi, ba ni da kundin ma da za a watso. Na matsar da rikodar kusa da ita, na ce, "Inna, kin yarda a rubuta sunanki, alhali kin san kowa na iya karantawa?"

"Marka ɗiyar Barau, ta tsohon Maradun. Rubuta."

Kaset uku ta cika. Takardar tambayoyina kuwa da ita na riƙa korar ƙuda. Abin da nake cewa bai wuce "Sai aka yi yaya, Inna?" ba. Ta ba ni labarin yadda gulbi ke cika ya janye ya bar musu laka, su ci shinkafa, su bi da albasa da dankali. Ta faɗi tsamiyar da ke bakin gonarta, inda take rataye goran ruwa. Ta faɗi ranar da suka ɗaure kaya, da tsakuwar sabon wuri inda gero ke tsayawa iya ƙugu. Washegari ta kira mini maƙwabtanta biyu. Su lamba suka zaɓa, amma saboda Marka na zaune, suka saki jiki suka yi magana.

Da na koma jami'a, malamina na ganin suna a takarda ya ɗaure fuska. "Me na ce miki?" Ban yi gardama ba, na danna masa kaset. Ya saurari wurin sau biyu, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sannan ya ce, "Ki bar sunan. Ki kuma rubuta dalilin da bakinta."

Na ci jarrabawa. Har yau, duk hirar da na yi a aikina, ina gode wa matar nan, domin ita ta koya mini in tambayi mutum kafin in yi masa alheri.

Bayan shekara na kai mata kundin, an yi masa bango baƙi. Ba ta karatun boko, sai ta ce in nuna mata. Na buɗe shafi na arba'in. Ta goge yatsa a zanenta, ta ɗora a kan sunan.

"Haka nike?"

"Haka kike, Inna."

"Ashe ni gajeruwa ta," in ji ta, tana dariya, idonta ya ciko. "Wanga kaɗai na?"

Na ce akwai wani a ɗakin karatu na jami'a, can zai zauna.

"Ɗakin, tudu na ko kwari?"

"Bene ne, Inna. Hawa na uku."

Ta gyaɗa kai, yatsanta na nan bai motsa ba. "To madalla. Ruwa ba shi kai can."