Farfelar Yaya

Shekara tara makaniken ya yi yana haɗa jirgin sama a bayan garejinsa, ɗan ƙarami mai kujera biyu. Inji kawai ya saya. Fukafukai, wutsiya, har farfelar katako, duk aikin hannunsa ne. Da yake likita ya hana shi tuƙi saboda idonsa na hagu, ƙaninsa mai tuƙa jirgin feshin gonaki ne ya yarda zai gwada masa.

Tashin farko, ko minti goma ba a yi ba ƙanin ya sauko yana yarfe hannu. Ya ce hancin jirgin sai rinjaya yake ƙasa, sai da hannu biyu yake riƙe sandar tuƙi, kuma da ya ƙara wuta sai komai ya kama karkarwa, har haƙoransa na haɗuwa.

Rinjayen bai ba makaniken wuya ba. Ya lanƙwasa ɗan kwanon da ke bakin wutsiya, mai daidaita hanci, ya matsar da batir baya. Washegari jirgin ya miƙe sumul. Karkarwa kuwa tana nan daram.

"Yaya, farfelar nan ce," in ji ƙanin. "A kwance ta a auna."

Makaniken ya ce wata huɗu ya yi yana sassaƙa ta, kuma wanda shi ya koya wa riƙon sifana ba zai koya masa katako ba. Abin da bai faɗa ba, ya taɓa ganin tsaga a reshe ɗaya na farfelar, ya cika ta da gam, ya bi da fenti. Ya san reshen ya fi ɗan uwansa nauyi. Sai ya canza robobin mazaunin inji, ya ɗaure notuna, ya ce an gama.

Ƙanin bai saba yi masa musu sau biyu ba. Ya sa hularsa ya hau.

Makaniken na tsaye a bakin fili ya ji ƙarar injin ta canza, sannan ta ɗauke. Mazaunin ne ya tsage. Ƙanin ya lallaɓa jirgin zuwa wata gona da aka huɗe, taya ta nutse, jirgin ya kifa. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri uku. Likitoci suka ce shi da tuƙi sai dai kallo.

A asibiti, da matar ƙanin ta fita ɗebo ruwa, makaniken ya sunkuyar da kai ya faɗi maganar gam ɗin.

"Na ga wurin, Yaya. Fentin ya fi kauri."

"To me ya sa ka hau?"

"Kai ka ce an gama."

Yanzu ƙanin yana sito a wurin aikinsa, yana miƙa wa sauran matuƙa jarkokin magani. Matarsa ta daina amsa gaisuwar makaniken. Ƙanin kuwa in sun haɗu a gidan mahaifiyarsu, yakan dogara sandarsa ya miƙe, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi aiki, ya koma ya zauna can nesa.